Wa Ke Riƙe da Wasiƙar? Lacca a kan Raba Aikin Imel Tsakanin Sabobi da Yawa

 

An ce in yi magana a kan abin da ake yi idan kwamfutar da ke riƙe da imel na ma'aikata ta fara nishi, har ta kai ga dole a raba mata aiki da wasu. Irin wannan kwamfuta wasu na ce mata uwar garke. Ni dai saba zan riƙa cewa, don haka muke kiranta a wurin aiki, in sun yi yawa mu ce sabobi.

Duk wanda ya taɓa aika saƙo ta tashar mota ya riga ya san rabin laccar nan. Ka je tasha da ambulan, ka miƙa wa direba, ya juya ta, ya cusa a aljihun gaba, ya ce maka, "Shi ke nan, jeka." Daga wannan kalmar saƙon ya bar wuyanka ya koma nasa. In mota ta lalace a hanya, shi zai nemi wadda zai saka shi. In ya ɓata, shi za a kama. Kafin ya furta kalmar kuwa, ko da ambulan ɗin na hannunsa, saƙon naka ne.

Haka imel yake tafiya, kuma haka aka rubuta shi tun farko. Ray Tomlinson ne ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a 1971, shi ne kuma ya zaɓo alamar @. Amma ƙa'idar da duniya ke bi har yau, SMTP, Jon Postel ne ya fitar da ita a watan Agusta na 1982, a takardar da ake kira RFC 821. Sabar da ke aikawa takan yi sallama da EHLO. Ta faɗi mai saƙo da MAIL FROM, ta faɗi wanda za a kai wa da RCPT TO, ta ce DATA, ta zubo wasiƙar, sannan ta rufe da ɗigo guda a layi shi kaɗai. Sai ta yi shiru tana jira. In mai karɓa ta amsa da lambar 250, to ita ce "shi ke nan, jeka." Mai aikawa ta goge nata kwafin, ta kama gabanta. Ƙa'idar ta fito fili ta ce wanda ya amsa 250 ya ɗauki amana, ba shi da uzurin ɓatar da wasiƙar don kawai wuta ta ɗauke ko na'ura ta mutu. Shi ya sa manhaja mai mutunci ba ta furta 250 sai ta tabbatar wasiƙar ta sauka a kan faifai, ba tana yawo a ƙwaƙwalwar da ke shafewa da zarar an ɗauke wuta ba.

Tsakanin ɗigon nan da 250 akwai ɗan rami. A ce mai karɓa ta adana wasiƙar, amma layi ya yanke kafin amsarta ta isa. Mai aikawa ba ta ji komai ba, sai ta sake aikowa, mutum ya ga wasiƙa biyu iri ɗaya. Craig Partridge ya yi rubutu a kan wannan tun 1988. Masu tsarin sun ga ramin, suka zaɓi a samu biyu da a rasa ɗaya. Ku riƙe wannan zaɓin, don duk inda aka raba aiki tsakanin sabobi sai an sake fuskantarsa.

Idan saba ɗaya ce, tambayar wa ke riƙe da wasiƙar ba ta da wuya. Ita ce ta karɓa, ita ta tace, ita ta adana, ita za ta nuna wa mai ita. Kuma in faɗa muku gaskiya tun kafin mu yi nisa, yawancin ma'aikatun da na gani suna zumuɗin sayen saba shida, ɗaya mai kyau da kulawa ta ishe su. Sau da yawa abin da ke damun sabar ba yawan jama'a ba ne, faifai ne mai nawa, ko wata manhajar tace ƙwayar cuta da ta cinye komai. Amma akwai ranar da ɗaya ba ta isa. Wuri ya cika, ko mutane sun yi yawa, ko kuma shugabanni sun ce ba za su sake yarda imel ya tsaya wuni guda don an kashe na'ura ana gyara ba. To a ranar sai a raba. Kuma ba a rabawa a kan cewa ga saba uku, kowacce ta yi komai. Ana fara rabawa ne a kan aiki, domin ayyukan ba nauyinsu ɗaya ba. Wasiƙar da ke kan hanya sauƙi gare ta. Wadda ta sauka ta zauna, ita ce jidali.

Ƙofar shiga ita ce mafi sauƙi, don tun 1986 aka yi mata magani. A rajistar sunayen intanet, DNS, ana rubuta abin da ake kira MX: ga sabobin da ke karɓar wasiƙun wannan gida, kowacce da lambarta. Mai ƙaramar lamba ita ake fara nema. In ka ba ɗaya 10 ka ba ɗaya 20, ta biyun ta zama 'yar ko-ta-kwana. In ka ba su duka 10, masu aikowa za su riƙa rarraba kansu a tsakani, ba ka sayi wata na'urar raba kaya ba. In duk sun mutu ma ba a yi asara ba tukuna, domin mai aikawa za ta ajiye wasiƙar a layi ta riƙa sake gwadawa, kuma ƙa'ida ta ce kada ta fid da rai sai bayan kwana huɗu zuwa biyar. Manhajojin da ke tsaron wannan ƙofa sanannu ne: Sendmail na Eric Allman daga Berkeley, qmail na Daniel Bernstein, Exim daga Jami'ar Kambirij, da Postfix wadda Wietse Venema ya rubuta a IBM aka sake ta a Disambar 1998.

Amma ko a nan akwai tarko, kuma na faɗa cikinsa. Shekarun baya, a wata ma'aikata da ba zan kama suna ba, na kafa saba ta biyu mai lamba 20. Na manta, ko in ce ban san muhimmancin ba, ban ba ta jerin sunayen ma'aikata ba. Duk wasiƙar da ta zo da sunan gidanmu sai ta ce 250. Masu turo wasiƙun shara kuwa sun san wannan hali, da gangan suke tsallake babbar ƙofa su nemi ta baya. Suka riƙa zubo mata wasiƙu zuwa ga sunayen da babu su. Ita kuma ta riga ta ɗauki amana. In ta kai wa babbar aka ce babu mai wannan suna, dole ta mayar wa mai aikowa da takardar ban haƙuri, alhali adireshin mai aikowar na jabu ne, na wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Cikin 'yan kwanaki muka zama masu damun duniya da shara, aka saka mu a baƙin littafi, wasiƙunmu na gaske suka daina shiga ko'ina. Ranar da shugaban wurin ya kira ni ofis yana riƙe da waya a hannu, ya ce wasiƙar da ya aika tun shekaranjiya ba ta isa ba, sai da na ji gumi na bin bayana duk da na'urar sanyi na aiki. Tun daga nan na koyi cewa duk sabar da ke bakin ƙofa dole ta san mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, ta ƙi baƙo tun a RCPT TO, tun saƙon na wuyan mai kawo shi.

Wannan ya kawo mu ga rajistar mutane. Saba ɗaya tana iya ajiye sunaye da kalmomin sirri a fayil ɗinta. Saba goma ba za su iya ba, sai an yi musu littafi guda da kowa ke dubawa, yawanci LDAP, wadda ta samo asali a Jami'ar Michigan a farkon shekarun 1990, ko kuma rumbun bayanai irin MySQL ko PostgreSQL. To kun ga an gudu ba a tsira ba. Mun raba aiki don kada mutuwar ɗaya ta tsayar da kowa, ga shi mun ƙirƙiro abu guda da kowa ya rataya a kansa. Dole ita ma a yi mata kwafi biyu ko uku. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne amsar da ƙofa za ta bayar idan ta tambayi rajista ba ta ji daidai ba. A SMTP lambar da ta fara da 4 tana nufin "dawo an jima", wadda ta fara da 5 tana nufin "kada ka dawo". In rajista ta yi shiru, 4 za ka ce, wasiƙa ta jira a can. In ka ce 5, ka kashe ta. Kada ku ɗauka ƙananan wurare kaɗai wannan ke samu. A ranakun 14 da 15 ga Disambar 2020, wani canjin saiti ya sa ƙofar Gmail ta riƙa tambayar rajistarta da suna gurɓatacce, rajista ta ce babu, ƙofa ta riƙa mayar da wasiƙun mutane da lambar 550, wai adireshin ba ya nan. Da 4 aka ce, da wasiƙun sun yi haƙuri a layi har a gyara. Da yake 5 ce, sai da masu su suka sake aikawa da hannunsu, waɗanda suka lura ke nan.

Yanzu mu shiga ɗaka, inda akwatunan suke. Nan zan daɗe, ku yi haƙuri.

A zamanin POP3 mutum yakan zo ya kwashe wasiƙunsa ya tafi da su kwamfutarsa, saba ta huta. IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Stanford a 1986, ta juya abin: wasiƙu suna zama a saba, kai dai leƙowa kake yi. Sai kuma wuri ya yi araha. Lokacin da Gmail ta fito ranar 1 ga Afrilun 2004 da gigabait guda kyauta, Hotmail megabait 2 take bayarwa, har mutane suka ɗauka zolayar ranar ce. Tun daga nan aka daina goge wasiƙa. Yau mutum ɗaya yana da waya, da kwamfutar cinya, da ta ofis, kowacce ta buɗe layi biyu ko uku ta riƙe dare da rana tana jiran sabon saƙo. A ce kuna da mutum 20,000, kowa na riƙe da layi biyar, layi 100,000 ke nan a buɗe, yawancinsu ba sa yin komai sai cin wuri.

Yadda ake ajiye wasiƙun ma magana ce. Tsohon salo, mbox, fayil guda ne dogo, ana ɗora sabuwar wasiƙa a ƙarshensa. In za a rubuta dole a kulle fayil ɗin duka, kowa ya jira. In kullen ya zame, biyu suka yi rubutu lokaci guda, sai ka ga kan wata wasiƙa a jikin wata. Bernstein ya zo da Maildir, kuma ina son ku ga kyan dabarar. Kowace wasiƙa fayil ɗinta daban, da suna da ba zai maimaitu ba. Akwai jaka uku: tmp, new, da cur. Mai kawo wasiƙa zai rubuta ta a tmp, inda ba mai leƙawa. Sai ya gama tsaf, ya tabbatar ta sauka, sannan ya matsar da ita new da motsi guda wanda ko dai ya faru ko bai faru ba, babu rabi. In mai akwati ya gan ta, ta koma cur. Ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, abin da za a bari shi ne guntu a tmp, ba wanda zai ga rabin wasiƙa. Ba kwaɗo, ba makulli.

To da wannan a hannu, tunanin da ke fara zuwa wa kowa shi ne: a sayi babban rumbu guda, a haɗa shi da saba huɗu ta NFS, wadda kamfanin Sun ya fito da ita a tsakiyar shekarun 1980, kowace saba ta ga duk akwatuna, mutum ya faɗa kan wadda ya samu. A takarda abin gwanin kyau. Matsalar ita ce sabar IMAP ba wasiƙu kaɗai take ajiyewa ba, tana da fihirisa: wace wasiƙa ce lamba nawa, wacce aka karanta, wacce aka yi wa alama. NFS kuma, don gudun nawa, takan bar kowace saba ta yi aiki na ɗan lokaci da abin da ta haddace game da fayil, ba ta komawa rumbu ta sake tambaya. Sai wayar mutum ta faɗa kan saba ta ɗaya, kwamfutarsa ta faɗa kan ta uku, sabuwar wasiƙa ta shigo ta kan ta biyu. Uku suna rubutu a fihirisa guda, kowacce da abin da take zaton shi ne gaskiya. Fihirisa ta yamutse. In abin ya yi muni, saba ta canza lambar da ake kira UIDVALIDITY, wanda ma'anarsa ga waya ita ce, duk lambobin da kika sani sun tashi aiki, sake saukar da komai. Mai wasiƙu dubu talatin ya wayi gari datarsa ta ƙare, ya zo ya same ka.

Maganin duk da aka samo, ko da wane suna aka kira shi, abu guda yake cewa: akwati ɗaya, mai gida ɗaya, a lokaci ɗaya. Ba a sarki biyu a gari.

Hanyoyin cim ma haka biyu ne manya. A Jami'ar Carnegie Mellon, masu manhajar Cyrus sun raba gidan kamar gidan sarauta. Akwai sabobin zaure, waɗanda ba sa ajiye komai, aikinsu iso kawai. Akwai sabobin cikin gida, kowacce da akwatunanta a nata faifan. Sannan akwai wata guda, MUPDATE, mai riƙe da littafin da ke cewa akwatin wane yana ɗakin wance. Ka yi sallama a kowane zaure ka ga dama, za a duba littafi a yi maka iso zuwa inda akwatinka yake. Sun raɗa wa tsarin suna Murder, ba don kisan kai ba, sai don a Turanci haka ake kiran garken hankaki. Su suka san dalilinsu.

Dovecot kuma, wadda Timo Sirainen ɗan ƙasar Finlan ya fara a 2002, ta daɗe tana da abin da ta kira Director. A nan rumbun guda ne, kowa na iya ganinsa, amma mai iso yana tabbatar da cewa duk layukan mutum ɗaya, na wayarsa da na kwamfutarsa, har da wasiƙar da ake kawo masa, saba guda suke faɗawa. In sabar ta mutu sai a tura shi wata, tunda kayan na rumbu. Wanda zai gina sabon tsari yau ya sani an cire Director daga fitowar 2.4 ta kyauta, don haka sai ya nemi wata hanyar yin ison, amma dokar ba ta canza ba. Kuma ku lura da abin da na ce, har da wasiƙar da ake kawo masa. Mutane da yawa sukan gyara ɓangaren karatu su manta da na kawowa. Daga ƙofa zuwa akwati ana bi ne ta LMTP, ƙanwar SMTP da aka fitar a 1996, wadda bambancinta shi ne tana ba da amsa daban ga kowane mai karɓa: na wane ya shiga, na wance akwatinta ya cika. Ita ma dole ta bi ta hannun mai iso.

Ta yaya za a yanke wa ke zuwa wace saba? Kada ku raba da harafin farko na suna. A ƙasar nan in ka yi haka, sabar A da ta M za su mutu da Abubakar da Aminu da Muhammad da Musa, ta Q tana barci. Ana niƙa sunan ne ya zama lamba. Amma ko nan da sauran rina a kaba. In ka ce a raba lambar da huɗu, ragowar ita ce sabar mutum, ranar da ka ƙara ta biyar lissafi zai canza wa mutum huɗu cikin kowane biyar, ka tashi da ƙaurar gari guda. A 1997 David Karger da abokansa a MIT suka fito da wata dabara, inda ake jera sabobi da mutane a kan da'ira, kowa ya bi sabar da ke gabansa. In sabuwa ta shigo, waɗanda ke kusa da ita kaɗai za su motsa, kusan kashi ɗaya cikin biyar a misalinmu. Ga ƙaramin wuri kuwa, ni na fi son hanyar ƙauye: a rubuta sunan sabar kowa a rajista kusa da sunansa. In za ka matsar da mutum, ka kwafe akwatinsa yana aiki, ka sake kwafe abin da ya ƙaru, ka rufe masa ƙofa na ɗan lokaci, ka yi kwafin ƙarshe, ka canza layi guda a rajista, ka buɗe. Kada ka goge tsohon sai bayan mako.

Saura maganar kwafi, wadda a nan ne na fi ganin mutane suna yaudarar kansu. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai a kafa saba biyu, kowacce tana kwafar 'yar'uwarta. Da farko, in duk biyun suna ɗaki ɗaya, a kan janareta ɗaya, da layin intanet ɗaya, to ba biyu ba ne, ɗaya ce mai kai biyu. Ranar da gas ya ƙare tare za su kwanta. In kuma ka raba su gini biyu, sai wata sabuwa ta taso. Da damina guda masu haƙa magudanar ruwa suka datse mana wayar da ke tsakanin gine-ginenmu biyu. Kowace saba ta leƙa ba ta ga 'yar'uwarta ba, ta ɗauka ta mutu, ta hau gadon sarauta. Wuni guda mutanen wannan gini suna aiki da ɗaya, na wancan da ɗayar. Da aka ɗaure waya da yamma, wasiƙun da aka goge da safe suka dawo, waɗanda aka karanta suka koma sababbi, wani ya zo yana rantsuwa an shiga akwatinsa. Ba mu rasa wasiƙa ko ɗaya ba, don manhajar ta bi zaɓin nan na gara biyu da babu, amma mun kwana biyu muna ba da haƙuri. Shi ya sa masu hankali ke saka ta uku a matsayin shaida. Wadda ta ga kanta ita kaɗai, ba ta jin sauran biyun, sai ta san ita ce aka yanke, ta sauka ta daina karɓa.

Sannan kwafin da ke tafiya nan take ba ajiya ba ne. In ka goge abu bisa kuskure, cikin daƙiƙa guda kuskuren zai isa duk kwafin. A ƙarshen Fabrairun 2011 wani sabon gyara a manhajar adana bayanai ta Gmail ya sa kimanin kashi 0.02 cikin ɗari na masu amfani da ita suka buɗe akwati suka tarar wayam. Google na da kwafi da yawa a cibiyoyi daban-daban, amma cutar ta taɓa fiye da ɗaya. Abin da ya cece su kaset ne, tef na maganaɗisu da ke ajiye ba a haɗe da komai ba. Kamfanin da ya fi kowa sabobi sai da ya koma ga kaset. Ku kuma in kuna da ajiya, ku riƙa gwada dawo da akwati guda daga cikinta lokaci-lokaci, tun ba ranar kuka ba.

Akwai kuma irin faɗuwar da saba ɗaya ba ta san ta ba, sai masu yawa. Ranar 1 ga Satumbar 2009 injiniyoyin Gmail suka sauke 'yan sabobi kaɗan don gyaran yau da kullum. Ba su auna daidai nauyin da zai koma kan masu raba hanya ba. Wasu daga cikinsu suka ji kaya ya yi yawa, suka ce a daina turo mana. Kayan ya koma kan sauran, su ma suka ce a daina. Cikin 'yan mintoci kusan duka suka janye, shafin Gmail ya rufe na kimanin minti 100. Abin lura, masu shiga ta IMAP da POP ba su ji komai ba, wasiƙu kuma suka ci gaba da shiga, domin hanyarsu daban ce. In sabobinku huɗu kowacce tana ɗauke da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinta, ku yi lissafi da kanku: ɗaya ta faɗi, ukun da suka rage za a nemi su ɗauki fiye da ƙarfinsu. Ba ku da huɗu masu taimakon juna, kuna da huɗu masu jan juna rami.

Ƙofar fita ba zan tsaya a kanta ba sosai. Ku raba ta da ta shiga. Mutanenku su miƙa wasiƙa ta tasha ta 587 da kalmar sirri, ba ta 25 ba. Duk sabuwar sabar da za ta riƙa aikawa, a saka ta cikin SPF, wato jerin sabobin da aka yarje wa aikawa da sunan gidanku, a ba ta makullin sa hannu na DKIM, in ba haka ba manufar DMARC da ku kanku kuka rubuta, wadda ke faɗin abin da za a yi da wasiƙar da ba ta cika waɗannan ba, ita za ta sa a yi watsi da wasiƙunku. Sanarwar da ake tura wa dubban mutane a ba ta adireshin fita daban da na wasiƙun yau da kullum, don in aka yi fushi da ɗaya kada ya shafi ɗayan. A kuma saka wa kowane mutum iyakar abin da zai aika cikin awa, domin ko ba daɗe ko ba jima sai an sace kalmar sirrin wani.

Na ga shugaban taro yana duba agogo, kuma la'asar ta gabato. Ɗalibai, ga aikin gida. Ku buɗe kowace wasiƙa da aka aiko muku, ku nemi inda ake nuna asalinta da duk kanun da ke samanta. Za ku ga layuka da suka fara da Received. Kowace sabar da wasiƙar ta ratsa ita ta ɗora nata a sama, da sunanta, da wanda ya miƙo mata, da lokaci har daƙiƙa. Daga ƙasa ake karantawa zuwa sama. Ku ƙirga hannu nawa ta bi, ku duba a ina ta fi daɗewa, kuma ku kula da bambancin agogon ƙasashe kafin ku zargi wata saba da riƙe ta awa guda. In kun tarar wadda ke sama ta rubuta lokacin da ya riga na wadda ke ƙasa, to agogon ɗayansu ne ya kauce, ku kawo mini ita in gani.

 Masu tambaya, bisimillah.